Mai Riƙe Birki

Bayan an gama yaƙin Jamus, Faransawa suka yi gwanjon tsofaffin motocin soja a Maraɗi. Wani attajirin Jibiya ya sayi guda, ƙatuwa, injinta a mace. Ya ɗauki wani direba mai mota, Mahmudu, ya jawo masa ita gida, shi kuma Mahmudu ya taho da ƙanensa Ya'u, gardi mai cika baki wanda ya sha cewa ko kura ba ta sa shi sauri.

Ka'idar jan mota ɗaya ce. Dole mutum ya zauna cikin matacciyar, ya riƙe sitiyari, ƙafarsa a kan birki, kada sarƙa ta yi sako-sako. In ya yi sake a gangare, ta baya za ta hau ta gaba ta niƙe direba. Ya'u aka ɗora wa wannan aikin.

Rana na faɗuwa suka tsallake iyaka, suka tsaya a bakin gangaren gulbi. Mahmudu ya duba sarƙa, ya leƙo.

"Ya'u, raina na hannunka. In na bugi ƙyaure, ka buga mani amsa. Kak ka saki birkin nan."

"Haba Yaya, mi aka yi aka yi gangare? Mu tahi."

Suka fara sauka. Sarƙa na ƙara, ƙarafa na kuka. Cikin matacciyar motar warin tsatsa ne da tsohon mai. Can sai wani wari ya taso, na albarushi da jiƙaƙƙen bargo.

Kujerar gefen Ya'u ta lotsa.

Ya'u bai waiga ba. Yana jin numfashi kusa da kunnensa, a hankali, mai sanyi. A baya, inda babu kowa, takalma masu nauyi suka fara gyara tsayuwa.

"Matsa," in ji wata murya ƙasa-ƙasa.

Mahmudu ya bugi ƙyaure daga gaba. Kwam, kwam.

Wani hannu ya sauka a kan na Ya'u.

Bai yi ko bisimilla ba. Ya banke ƙyaure ya diro cikin ƙaya, ya bar ɗan'uwansa da ƙaton ƙarfe a bayansa. Yana kwance yana jiran ƙarar karo.

Sai ya ji an amsa daga motar da ya bari. Kwam, kwam.

Birki ya yi ƙara. Sarƙa ta miƙe. Motocin suka gangara a natse har cikin yashi.

Da ƙyar Ya'u ya bi su, wandonsa a jiƙe, ya raɓa ta bayan motar. Wasu fatake da suka tsaya alwala a bakin gulbi suka gan shi ya ɓullo daga nan, suka hau sa masa albarka, wai ba su taɓa ganin riƙon birki irin wannan ba.

Mahmudu ya sauko. Ya dubi ƙayar da ke jikin rigar ƙanensa, ya dubi kujerar da babu kowa. Ya matso ya yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Na waigo tsakiyar gangare. Wanda na gani na sanye da jar dara ta soja. Kai ko ba ka da hula."

Bai ƙara ba, kuma har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba. Da ya zage shi a kasuwa, da ya fi wa Ya'u sauƙi.

Ya'u bai sake shiga mota ba, ya koma fatauci da jakuna, cika bakin ma ya bar shi. Amma labarin fataken ya riga ya bazu, sunan yabo ya bi shi. Ya tsufa a Jibiya yara na gaishe shi da "Baba Mai Birki", shi kuwa duk sanda aka kira shi haka, sai ya sunkuyar da kai ya sake hanya.