Mu Juya, Abba

A zauren koyon hawan bango da ke Salford Bara'u ya fara ganin Shifa, tana maƙale can sama ta ƙi sakin hannu. Shi aka ba riƙon igiyarta a ƙasa.

"Wayyo Allah, na shiga uku!" ta ce.

"Ba ki shiga ba," ya amsa da Hausa. "Saki, ina riƙe da ke."

Ta leƙo da mamaki. "Ban san ka ba, ta yaya zan saki?"

"Sunana Bara'u. To, kin san ni."

Dariya ce ta sauko da ita, kuma tun ranar zuciyar bawan Allah ba ta koma wurinta ba.

Bara'u Bazazzagi ne. Karatun injiniya ya kawo shi ƙasar Turawa, ya gama, amma duwatsun ƙasar suka sace masa hankali. Burinsa ya sami takardar shaidar jagorantar mutane a kan tsaunuka, abin da ba a samu sai an sha wuya. Duk ƙarshen mako yana kan dutse cikin ruwan sama da taswira a hannu, ya dawo takalmi jiƙe, ƙafa duk bororo. Ita kuwa Shifa ta gama jami'a ta koma gidansu a unguwar Sparkhill da ke Birmingham, soyayya ta koma ta jirgin ƙasa da waya.

"Jagorana, yau ma babu network? Na gaji da yi wa dutse kara."

"Shifata, yanzu na sauko. Sanyi ya ci ni, amma ke na tuna a can sama."

Mahaifinta, Dakta Aminullahi, bai ɓoye ra'ayinsa ba. "Injiniya guda, ya ajiye digiri yana yawon duwatsu? Ba da 'yata ba." Ga kuma Sunusi, wani akanta ɗan amininsa, da ba ya fashin zuwa gaisuwa da turare mai tsada.

Bara'u ya sa ran takardar za ta wanke shi, ya tafi jarrabawa Wales. Mai jarrabawar dattijo ne mai furfura. Da gangan ya saki hanya don ya ga ko za a tsayar da shi. Bara'u ya gani sarai, amma wanda aka yi wa tarbiyya a Zariya ba ya ce wa sa'an ubansa ya yi kuskure. Ya sunkuyar da kai ya bi shi. Ya faɗi jarrabawar, aka ce ya je ya ƙara shiri.

Kunya ta sa ya ɗauke ƙafa, ya daina amsa saƙo. Shifa ta ɗauka ya haƙura da ita ne, ta yi kuka har ta gaji, sannan ta tura masa saƙo.

"In ka fasa, ka faɗa min. Sunusi ya turo iyayensa, ni kuma ƙarfina ya kusa ƙarewa."

Jirgin farko ya hau zuwa Birmingham. A wani gidan shayi kan Stratford Road ya zayyana mata komai.

"Wato ladabi ne ya kayar da kai?" ta ce, ido jajir. "Ni kuma ina nan ina rama."

Ita ta shirya abin da ya biyo baya. Ta ce wa mahaifinta kullum yana umartar marasa lafiya da tafiyar ƙasa, shi kuwa daga mota sai kujera. Haka Dakta da wasu dattawan masallacinsu suka yarda Bara'u ya kai su wani tsauni a Peak District.

Tafiya ta yi kyau har suka kusa ƙoli. Sai gajimare ya sauko ya rufe hanya, iska ta taso, kuma Malam Yusha'u, mafi tsufansu, ya fara rawar sanyi yana tuntuɓe.

"Mun zo har nan," in ji Dakta. "Mu ƙarasa, it's just there."

Bara'u ya juyo ga Dakta. Wannan ne mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da shi, kuma aurensa na hannunsa. Ya dubi leɓen Malam Yusha'u, ya ga sanyi ya fara yi masa illa.

"A'a, Abba. Mu juya."

"Ni nake cewa a ƙarasa."

"Na ji, Abba, ka gafarce ni. A gida duk abin da ka ce shi ne. A nan ni aka ba amanarku. Mu juya."

Ya cire rigar sanyinsa ya sa wa tsohon, ya wuce gaba. Har suka isa mota Dakta na ɗaure da fuska.

Bara'u ya koma Salford da yaƙinin ya rasa ta. Ya sake jarrabawar, ya ci, amma ko murna ya kasa yi. Yana cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, goshi jingine da taga, saƙonta ya shigo.

"Jagorana, Abba na nemanka ranar Asabar. Ka zo da hula."

Ya je ya durƙusa a falo.

"Na ji haushinka ƙwarai," in ji Dakta. "Rabon da a ce min a'a har na manta. Amma ita Shifa taurin kaina ta gado kaf, kuma ba kullum zan kasance ba. Ina son wanda zai iya ce mata a juya. Ka turo manyanka."

Daga bayan ƙofar kicin aka ji kukan Shifa ya ƙwace.

A wani masallaci a Aston aka ɗaura auren, ana yayyafi. Malam Yusha'u ne ya yi addu'a: Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya ba da zuri'a ta gari, Ya sa duk inda suka hau tare su sauko tare. Dakta ya fi kowa ɗaga murya da amin.