Sallamar Marigayi

"Barkwanci ne fa, Inna!"

"Barkwanci? Wa kika ga ya yi dariya?"

Yarinyar nan gwanar kwaikwayon murya ce. Ta kwaikwayi zakara, aka yi dariya. Ta kwaikwayi mai tallar manja, aka yi dariya. Yau kuwa sai ta laɓe bayan ƙyaure, ta yi sallama da muryar kakanta da ya rasu bara.

Kakarta ta fito da sauri, ba ko takalmi, riƙe da butar alwalarsa. Ta duba zaure, ba kowa. Ta koma ɗaki, ta saki labule.

"Je ki faɗa mata wanda ya yi sallamar," in ji Inna.

Yarinyar ta durƙusa bakin labule, kunya kamar ta nutse. Da ƙyar ta ce, "Kaka… akuya ce."