Gunki Mai Ƙahon Barewa

Da hantsin Litinin aka kira Sufeto Thevenin zuwa gidan tarihi na ƙauyen Valcrey. An sace gunkin tagulla, ɗan tsawon tafin hannu.

Shugaban gidan, Dakta Aubertin, dattijo mai farin gashi, ya nuna masa hoton gunkin.

"Dubi fuskar da naɗin mayafin, aikin Rumawa ne. Zoben wuyan nan da ƙahon barewar kuwa na kakanninmu ne, Gaulawa, mutanen ƙasar nan na dā. Shekara talatin ina rubutu a kansa. Ga shi jibi masana za su zo daga Paris su haska cikinsa da na'ura."

Sufeto ya zagaya akwatin gilashin. Ba a fasa ba, buɗewa aka yi.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Nawa da na Firmin mai gadi."

Firmin ya rantse bai motsa daga ƙofa ba ranar Lahadi.

"Haba Firmin," in ji Sufeto, "matar mai burodi ta gan ka a filin ƙwallo."

Ya sosa ƙeya. "Awa ɗaya ce, yallaɓai. Dakta ne ya ce in je in sha iska. Shekara tara bai taɓa faɗin haka ba."

Daga nan Sufeto ya nufi gonar da aka tono gunkin. Manomin ya rasu, sai matarsa Madam Odile, tana yanka cuku. Ta ɗauko tsohon hoton mijinta riƙe da gunkin, duk laka.

Sufeto ya daɗe yana kallo. "Ina ƙahon?"

"Wane ƙaho? Ni na wanke shi a kwanon nan. Kansa sumul, kamar na maigidana. A gidan tarihi ya tsiro su."

Da la'asar ya sami Aubertin a ofis, ya ajiye hoton a gabansa.

"Ƙahon sun karye ne a ƙasa, daga baya aka samo su," in ji Dakta.

"To me zai hana a haska?"

Dattijon ya cire tabarau. Ya buɗe durowa ya fito da gunkin a naɗe cikin rigar sanyi.

"Ƙahon nan, wani guntun ƙarfen linzami ne na liƙa da dalma. Ina yaro lokacin, ina son a san sunana. Na'urar za ta gani cikin minti ɗaya."

"Zoben wuyan fa?"

"Na asali ne. Wanda ya ƙera shi ya riga ya haɗa jinin Rumawa da na Gaulawa, ya gama aikinsa. Ni ne na ga kamar bai isa ba."

"Ɗauko kwat ɗinka, Dakta. Mu je."

Wani ɗan sanda ya miƙa hannu zai ɗauki gunkin. Aubertin ya juyo daga bakin ƙofa.

"Ɗana, tallafo shi ta ƙasa. Kada ka riƙe ƙahon, aikina ne, ba zai ɗauke shi ba."