Tsohon Gwani da Gorar Jikarsa

A wani zamani can, an yi wani tsoho da ya taɓa zama gwanin bugun ƙwallon goruba da gora. Rannan jikarsa ta zo tana kuka, wai 'yan wasan unguwarsu sun ce in ta sake kuskure ƙwallo, za su kore ta.

Tsoho ya karɓi gorar ya ce, "Share hawayenki, ki yi yadda na yi."

Ya gwada mata, ya jefa ƙwallo, ta kuskure. "Yi yadda na yi!" Ta sake kuskurewa.

Sai ya zuba mata ido sosai. Yarinya ta ranƙwafa, ta kanne ido ɗaya, ta kai bugu, sannan ta dafa ƙugu ta ce, "Wash!"

"Ke, wa ya koya miki wannan shirme?"

"Kai mana, Kaka."

Tsoho ya yi dariya har da tari. "Ashe tsufa nake koya miki! To, daina kallona, kalli ƙwallon."

Ya jefa mata. Ji kake ƙwas! Goruba ta tsallake danga.

Tsoho ya daka tsalle don murna, ya dire, ya dafa ƙugu. "Wash! Wannan kam ki bar mini abina."