Gangunan Jikin Katanga

Sufeto bai ƙarasa shayinsa na safe ba aka bugo waya: gangunan sinadari sun rufto wa wani mutum a harabar kamfanin fenti, ko shurawa bai yi ba.

Da suka isa shi da Saje, ya gane mamacin. Jami'in ƙaramar hukuma ne mai bai wa masana'antu lasisin ajiye kaya a fili, wanda ake yi wa laƙabi da Ba-Sani don ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Gwangwanin jan fentin da yake yi wa haramtattun kaya alama da shi ya fashe, ya yi fallatsi ko'ina.

Manajan kamfanin, wani dogon mutum cikin farar riga ƙal, ya tarbe su.

"Tsautsayi ne, ranka ya daɗe. Sabunta lasisi ya zo yi, ya jingina da ganguna, suka zubo. Ni ina ofis."

Sufeto ya dubi sauran gangunan da aka jibge a jikin katanga. Daga bayanta ana jin yara suna maimaita karatu.

"Saje, jingina da wancan."

Saje ya jingina, ya tura, har da nishi. Ko gezau.

"Yallaɓai, abin da tumbina bai motsa ba, wancan siririn bawan Allah ba zai ture shi ba."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya ce kada kowa ya taɓa komai, ya wuce gidan mamacin.

Matar tana zaune a tabarma, idanunta sun kumbura.

"Me ya gaya miki game da kamfanin nan?"

"Cewa ya yi gangunan suna yoyo ta ƙarƙashin katanga, ruwan yana shiga filin wasan makaranta. Autarmu a can take karatu. Ya rantse ko su kwashe, ko ya rufe filin kamfanin yau."

"Akwai wanda ya neme shi?"

"Jiya wani dogo ya zo da kwalaye a bayan mota, wai tsaraba. Baban yara ko zaure bai bari an shigo da su ba."

Ta riƙe bakin mayafinta. "Za a ce tsautsayi ne a rufe maganar, ko?"

"Ba za a rufe ta a hannuna ba, Hajiya."

Da ya koma kamfanin, sai ya nufi motar ɗaga kaya da aka ajiye a lungu. Direbanta, wani gajere da ake kira Guntu, yana tsugune a gefe.

"Ai ta lalace, yallaɓai. Ta jima ba ta tashi ba."

Sufeto ya shafa ƙarfen gabanta. Shuɗin fenti irin na gangunan ya kama masa yatsa, sabon karce ne.

"Hau."

Guntu ya hau. Kujerar an ja ta baya sosai, ƙafafunsa suna lilo, ko birki ba su kai ba.

"Haka kake tuƙi kullum?"

Guntu ya kawar da kai.

"Malam, mutum ya mutu. In ba ka faɗi wanda ya zauna nan ba, kai za ka ɗauki kayan."

Guntu ya sauko daga motar. "Kawu ne ya karɓi makullin, ya aike ni sayen mai. Shi ya ce in ce ta lalace. Yallaɓai, shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, ya zan yi?"

"Wane ne kawun?"

"Manaja."

A ofis, manaja ya saurara yana murmushi.

"Ɗan 'yar'uwata ne, amma ba shi da kai. Ni yau ko kusa da gangunan ban je ba."

"Miƙo hannunka."

Sufeto ya juya hannun. A maɗaurin agogonsa akwai ɗige-ɗigen jan fenti, har yanzu yana danƙo.

"Ka sake riga, ka manta da agogo."

Murmushin ya ɓace. Manaja ya sulale kan kujera.

"Na roƙe shi, wallahi na roƙe shi. Na ce ya ba ni lokaci, masu kamfani za su kore ni in aka rufe filin. Ya ce yara ba za su jira ni ba, ya juya yana buga alama. Tsorata shi kawai na so yi. Na ɗan tura na ƙasa, sai na sama suka biyo."

"Ka kira asibiti?"

Ya sunkuyar da kai. "Riga na je sakewa."

Saje ya ɗaura masa ankwa. Sufeto ya buga waya ƙaramar hukuma, ya ce a sallami yaran makaranta, a turo motoci, shi kuma yana nan ba inda za shi sai an kwashe gangar ƙarshe.

Ma'aikata suka dare gida biyu aka fito da manaja. Guntu ya biyo shi da gudu har bakin mota.

"Kawu, ka yafe mini."

Manaja ya tsaya, ya dube shi.

"Ka kula da yarana," ya ce, ya shiga mota.