Suna na Goma Sha Biyu

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Laraba aka bugo wa Sufeto Makeleni waya daga masana'antar ɗinkin rigunan kujerun mota da ke bakin garin Uitenhage. An sace injin yankan fata na hannu, an kuma same shi a lokar wata ma'aikaciya, wato akwatin ajiyar kayanta. Ya ce tunda ga kaya ga ɓarauniya, shi me zai zo yi? Manajan ma'aikata, Mista Jantjies, ya roƙe shi ya zo kafin ƙarfe uku, domin a lokacin kwamitin ladabtarwa zai zauna ya kore ta.

Makeleni mutum ne da zama ba ya karɓarsa. A caji ofis ana tsokanarsa cewa kujerarsa kaɗai ce ba ta taɓa zuwa gyara ba. Kafin goma ya iso, yana tafe yana ƙyasta biro.

Kekunan ɗinki na ta ruri, amma hankalin kowa na kan allon sanarwa. Tun ranar Juma'a aka manna sunayen mutum goma sha biyu da za a sallama ƙarshen wata, saboda cinikin motoci ya faɗi. Wanda ya shigo daga baya shi zai fara fita. Makeleni ya karanta har ƙasa. Na goma sha biyu, Siphelo Ndzube, sashen yanka.

Wadda ake zargi ba ta cikin jerin. Sunanta Nokuzola Faleni, shekararta goma sha tara a kan keken ɗinki. Ya same ta a ɗakin cin abinci ta rungume jakarta a cinya.

"Mama, wa ke da makullin lokarki?"

"Ni kaɗai, yallaɓai."

"An ce ranar Litinin kin daɗe a ofishin manaja. Me ya kai ki?"

"Gaisuwa."

"Gaisuwar minti arba'in?"

Ta sunkuyar da kai. Da ya tambayi abin da ya fi damunta, ba ta ambaci kurkuku ba. Shekara tara tana biyan inshorar rasa aiki, ko wata ɗaya ba ta tsallake ba. In kamfani ne ya rage ma'aikata, za a riƙa ba ta albashi har wata shida. In an kore ta da laifi, ko ta tafi don kanta, ko sisi ba za ta gani ba. Ga jikoki biyu a gida.

Makeleni bai buƙaci bayani ba. Bara aka sallami matarsa daga aiki, sun zauna sun karanta irin wannan takarda har idonsu ya yi ja. Tausayin Nokuzola ya kama shi, ƙaryarta kuma ta ba shi haushi.

Ya wuce ɗakin canza kaya. Kwaɗon lokar lafiyarsa lau, da makulli aka buɗe. Mai gadi ya ce bai taɓa komai ba tun da aka gano. Ga injin nan a ƙasa, an cire wuƙarsa an naɗe ta a ƙyallen fata, an kuma murɗe wayar wutar tsaf an soke bakinta a hannun injin. A saman kantar lokar akwai robar abinci guda biyu.

Ya ɗauki injin ya kai wa Nokuzola, ya ce ta cire masa murfin wuƙar. Ta juya shi gaba da baya, ta rasa ta ina ake kamawa.

A sashen yanka ya tarar da mutum uku. Ya yi ta zagaye har aka buga ƙararrawar shan shayi. Dukansu suka zare wuƙa, suka naɗe ta a ƙyalle, suka murɗe waya, hannu na yi baki na hira. Babbansu, wani tsoho mai suna Tata Mbewu, ya ce ai tun da injin ya taɓa cinye wa wani yatsu biyu ya sa dokar, yanzu ko a mafarki haka suke ajiye shi.

"Baba, cikin yaranka wa ke hulɗa da Nokuzola?"

Tsohon ya yi dariya. "Wa kuwa in ba ɗan gatan can ba? Gardi mai 'ya'ya biyu, kullum sai an dafo masa masara da wake daga unguwar KwaNobuhle. Mu kuwa sai burodi gaya."

Siphelo, na goma sha biyu a jerin, ya ɗago. Dogo ne, shekarunsa za su kai talatin da biyar, idanunsa sun faɗa. Ya ce gaskiya ne, Nokuzola aminiyar marigayiya mahaifiyarsa Nomhle ce, ita ta nema masa aikin nan. Amma shi bai taɓa zuwa kusa da lokarta ba, hannu da hannu take ba shi abincin.

Makeleni ya duba katin aiki. Masu yanka na hutawa sha biyu, masu ɗinki ƙarfe ɗaya. Ya duba agogo, sha biyu saura kwata.

Ya faɗa ofishin Jantjies ba tare da ƙwanƙwasawa ba. Manajan ya yi ta kwana-kwana, yana cewa sirrin kamfani ne. Makeleni ya yi ta kai da kawo a gabansa har mutumin ya gaji. Ya ce hedikwata albashi goma sha biyu take so a rage, ba ruwanta da hanyar da aka bi. In an kori ɗaya da laifi, na ƙarshen jerin ya tsira.

"Ma'aikata sun san haka?"

"Har masu shara sun sani."

"To me ya kawo Nokuzola nan ranar Litinin?"

Jantjies ya buɗe durowa ya miƙo masa takarda. Makeleni ya karanta, ya daina ƙyasta biron.

Ƙarfe biyu ya tara su a ɗakin cin abinci, Nokuzola da Siphelo da manajan. Ya ajiye robar abinci ɗaya da kwaɗon lokar a tebur.

"Siphelo, kai kana ci sha biyu, ita tana kan keke har ɗaya. Ta yaya abincin ke zuwa hannunka?"

Makeleni ya nuna masa tebur da biro.

"Zazzage aljihunka."

Makullai huɗu ne a zoben. Na ukun ya buɗe kwaɗon Nokuzola. Ta rufe ido, da gani ta sani tun da safe.

Siphelo bai ja da nisa ba. Ya ce wata biyu da suka wuce, da raɗe-raɗi ya fara, ya ruga ya sayi inshorar. Ranar Juma'a ya kira masu inshorar, suka ce sai takarda ta cika wata shida take aiki. Ya kwana huɗu yana lissafi. Jiya da aka tashi ya ɗauki injin, ba shi da makullin kowa sai nata, wanda ta ba shi don ɗaukar abinci.

"Mama, ki yafe mini. Na ga ke kina da inshora mai ƙarfi. Na ce ko an kore ki za su biya ki, ni kuma in tsira da yarana."

"Ba a biyan wanda aka kora da sata," in ji Makeleni. "Ba ka karanta takardarka ba?"

Siphelo ya dube shi baki buɗe. Shafin farko kawai ya karanta.

Makeleni ya tura masa takardar Jantjies. Sabon jeri ne da za a manna ranar Juma'a. An soke suna na goma sha biyu, an rubuta Nokuzola Faleni. Ita ta je ta roƙa, ta ce tana da abin da zai riƙe ta wata shida, shi kuwa ba shi da komai. Ta roƙi manajan ya rufa asiri, don in masu inshora suka ji ita ta nema, ba za su biya ba. Shi ya sa ta gwammace a kira ta ɓarauniya da ta faɗi abin da ya kai ta ofis.

"Tun Litinin na ba ka wurina, ɗan Nomhle," ta ce a hankali. "Da ka haƙura zuwa Juma'a."

Siphelo ya kifa kai a tebur. Makeleni ya sa masa ankwa, bai ji daɗin komai a ciki ba.

Sun kai ƙofa ke nan Nokuzola ta tambayi manajan yadda maganarsu ta tsaya. Jantjies ya kasa haɗa ido da ita. Ya ciro biro ya soke sunanta.

"Ki koma kekenki, Mama," ya ce. "Da Siphelo, goma sha biyu sun cika."