Sharar da Nafi'u Ya Zuba a Sama

Kamalu, kashe wayar nan. Ummita, matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Wannan ba na dariya ba ne.

Kun san an hana mu zubar da ruwan zafi da daddare ba bismilla, saboda 'ya'yan mutanen ɓoye? To, Nafi'u abin da ya fi ruwan zafi ya zuba.

Mai haɗa sauti ne a wani sutudiyo, inda ake ɗaukar waƙa. Gwani ne, amma kansa kamar dutse. A lokacin matarsa ba ta ko yi arba'in ba, 'yar da ta haifa masa kuwa yana ji da ita kamar ransa.

A sana'arsu, in an gama waƙa za a matse ta ta shiga waya, ƙarshen sauti yakan tsattsage. Sai a barbaɗa mata wani ɗan shuuu siriri, ya rufe tsagar. Dita suke ce masa, sharar sauti ke nan. Kwamfuta kan tambaye ka: a bar waƙar haka, ko a baza shi ko'ina daidai, ko a tura shi can sama inda kunnen ɗan Adam ba ya kaiwa.

Tsohon da ya koya masa aiki kullum na tsakiya yake zaɓa. Yakan ce, "Shararka, bar ta a tsakar gidanka." Nafi'u ya ce wannan tsufa ne. Shi na sama yake dannawa, waƙa ta fito tas.

Wani dare yana aiki shi kaɗai. Bai ji an buɗe ƙofa ba. Ya ɗago kai, sai ga wani baƙon dattijo a tsaye, auduga a kunnuwansa, ta yi ja da jini.

"Samari, kai ne mai zuba mana shara?"

"Wace shara, Baba?"

"Ta sama. A can muke zaune. Jikana ba ya barci, kunnensa ruwa yake."

Nafi'u ya yi tsaki. "Baba, babu mai jin wannan."

"Ku ne ba ku ji."

Dama ya kunna makirfo. In Nafi'u ya yi magana, koren layin da ke allon kwamfuta sai ya yi tsalle. Da dattijon ya yi magana, ko motsi. Nan gumi ya karyo masa.

"Danna na tsakiya," in ji dattijon. "Kai ma kana da jaririya. Kwana bakwai ka yanka mata rago, mun ji kiɗan."

Ya danna. Ya waiwaya, babu kowa.

Ummita, sakar min zane, ai ban zo wurin ba tukuna.

Gari ya waye, tsoro ya tafi. Ya sa waƙar a kunne, ya ji ɗan shuuu can ƙasa-ƙasa, wanda ko mawaƙin bai lura da shi ba. Amma girman kai! Ya ce shi ba zai ɓata sunansa don mafarki ba. Ya mayar da na sama. Wallahi har ƙara masa ƙarfi ya yi, don mugunta. Waƙar ta bazu, kowace waya, kowane shagon caji.

Dattijon ya dawo. Wannan karon babu auduga. Wani ɗan ƙunshi ne a hannunsa, naɗe da farin ƙyalle, ba ya motsi.

"Ya huta," in ji shi.

Nafi'u ya zube ƙasa. "Baba, ka yi min rai. Ɗauki kunnena."

"Me zan yi da naka? Shararka muka kwashe. Mun kai maka gida."

Ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya ruga gida. Ya tarar da matarsa tana kuka, tana buga murfin tukunya a saitin kan jaririyar. Yarinya ko ƙiftawa. Ido biyu, tana kallon rufi.

Ya ɗauki jaririyar. Ya kara kunnensa a nata.

Shuuu.

Kamalu, ka daina tambayata ko ta warke. Ka san yarinyar nan ta gidan mai koren ƙyaure, wadda kullum take dukan kunnenta da tafin hannu, kuna tsokanarta? Ita ce. Ubanta ne mai zama a dakali yana kiran sunanta, ba ta taɓa juyowa ba.

Kai da kake son koyon aikin sutudiyo, kada ka kuskura dare ya same ka a ciki kai kaɗai. In kuma kwamfuta ta ce maka babu mai ji, tambaye ta, a cikin su wa?